Ƙwallo a Gonar Malam Tasi'u

A arewa da Tsanyawa, idan mutum ya sauka daga kwalta ya bi burtali, zai iske wani ɗan ƙauye da ake kira Gidan Tahir. Gidaje ne 'yan kaɗan, da masallaci, da rijiya, sauran duk gona ce. A wannan yanki babu ƙasar da ke zaune haka kawai. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, layin gamba ne ya raba su, ko akuya ka ɗaure sai an tambaye ka a gonar wa ka kafa turke. Don haka da samarin garin suka so filin ƙwallo, dole gonar wani ce za ta zama filin, kuma ta Malam Tasi'u ce kaɗai shimfiɗaɗɗiya mai faɗi, wadda babu gawo ko ɗorawa a tsakiyarta.

A Gidan Tahir aka haifi Malam Tasi'u, nan ya yi karatun allo, nan ya auri Hure, kuma nan yake sa ran za a rufe shi. Ya taɓa zuwa cin rani birnin Kano yana saurayi, ya yi dako a kasuwa, ya dawo ya ce mutanen can kowa sauri yake yi, shi kuwa bai ga inda suke isa ba. Dogo ne siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. An san shi da abu biyu. Na farko taki. Babu mai haɗa kashin awaki da toka da sharar gida kamar shi, kuma da rani shi da jakinsa ne ke fara kai mangala gona kafin kowa. Na biyu magana. Ba ya saurin yin alkawari, domin in kalma ta fita daga bakinsa ba ya iya mayar da ita. Lokacin da acaɓa ya shigo yankin, ya ce ba zai hau ba sai an yi mai ƙafa huɗu kamar jaki. Da A Daidaita Sahu ya iso, sai ya zagaya shi, ya ƙirga tayoyin, ya ci gaba da tafiyarsa a ƙasa.

Ƙwallo kuwa bai san komai a kanta ba, bai kuma nemi ya sani ba. Ɗansa Ikrima ne ya jawo masa ita. Ikrima shi ne namiji tilo a cikin 'ya'yansa, yaro mai manyan hannaye da yawan dariya. Wata shekara bayan an kwashe amfanin gona, ya zo ya durƙusa ya ce shi da abokansa sun kafa ƙungiya, za su shiga gasar kofin da wani attajirin yankin ke sakawa kowane rani, sai dai ba su da wurin bugawa. Malam Tasi'u ya tambayi yadda gasar take, aka ce masa duk wanda aka ci an cire shi ke nan. Ya dubi ɗansa, ya tuna abokan nasa ɗaya bayan ɗaya, ya ga babu wani haɗari a cikin al'amarin.

"Ku buga har a cire ku," in ji shi. "Ranar da aka cire ku, ku cire mini ƙafafunku daga gona. Kuma kada wanda ya baje mini kunyoyi."

Ikrima shi ne gola, shi ya kafa ragar gabas da kansa. Ya sari rassan cediya biyu ya kafa, ya ɗaura gora a samansu. Ragar yamma da itacen darbejiya aka yi ta, gara na cinye ta kowace shekara ana sake wata. Ita kuwa cediya, kamar yadda kowa ya sani in ban da Ikrima, in ka kafa reshenta a ƙasa kamawa yake yi. Damina ta farko sandunan suka yi toho. Daga nan aka manta da dogon sunan Turanci da samarin suka laƙaba wa ƙungiyarsu, kowa ya koma kiransu 'Yan Cediya.

Lissafin Malam Tasi'u ya fita daidai. Kowace shekara samarin su yi ta atisaye a gonar, ranar wasan farko su cika bas su tafi cikin gari, a ɗura musu ƙwallaye, su dawo. Shi kuma ya tare su a bakin burtali ya tambaya ko an cire su, su ce an cire su, ya yi musu sannu da dawowa, gari na wayewa jakinsa ya fara jigilar taki. Kowa ya san matsayinsa, aka zauna lafiya.

Ikrima ya rasu a wata damina, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Ranar da aka kai shi gero ya fara fitar da kai. Abin da Malam Tasi'u yake faɗi game da ranar ke nan, ba ya ƙarawa.

Da kaka ta zo, Abdulkabir ya je gaishe shi. Abdulkabir mai faci ne a bakin kwalta, abokin Ikrima, kuma shi ne kocin ƙungiyar saboda shi kaɗai ke da usur. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce sun yi shawara, ba za su ci gaba da damun Baba ba, za su nemi wani wuri. Malam Tasi'u yana gyaran mangala, bai ɗago ba.

"Ba da kai na yi maganar ba," in ji shi.

Haka aka ci gaba. Ana cire 'Yan Cediya a zagayen farko, cediya kuma tana ƙara ƙiba.

Shekarar da abin ya lalace ita ce shekarar da attajirin ya fara hangen kujera. Ya ce daga yanzu duk ƙungiyar da ƙauyenta ya fi ƙanƙanta ita za a je wa, domin rumfunansa da hotunansa su shiga kowane lungu, wasan ƙarshe kaɗai za a buga a cikin gari. Da 'yan kwamiti suka duba, babu ƙauyen da ya kai Gidan Tahir ƙanƙanta. Wasunsu ma sai da suka yi tambaya a kasuwa kafin su gano hanyarsa.

Da kyar 'Yan Cediya ke cika sha ɗaya. Akwai wa da ƙane da suka raba takalmin ƙwallo guda, wan ya ɗauki dama, ƙanen ya ɗauki hagu. Golansu yanzu Zubair ne, mai hawan ɗorawa, kuma da safar hannun Ikrima yake tsaro, irin ta leburorin gini. Hure ce ke ajiye ta. Ranar wasa ta aika masa da ita, da yamma a mayar mata ta wanke.

Baƙin farko suka zo da riguna masu lamba, suka ɗora ƙwallo a ƙasa suna mirgina ta kamar yadda suke gani a gidan kallo. Kunyoyin bara suna nan yadda aka bar su. Ƙwallon ta doki kunya ta yi gabas, ta doki ta gaba ta dawo wa wanda ya buga ta. Su kuwa 'Yan Cediya tun suna yara suka san cewa in za ka bi kwari sai ka mirgina, in za ka tsallaka kunyoyi sai ka ɗaga. Ga kuma ragar gabas. Sandunan sun zama itatuwa, ƙofar ta tsuke, rassa sun rufe sama, in aka buga ƙwallo ta shiga ganye sai ta ga dama take saukowa, Zubair na tsaye a ƙasa yana jira kamar mai jiran ɗorawa ta faɗo. Baƙin suka kai ƙara wurin rafali, ya yi tunani, ya ce shi bai taɓa ganin inda aka hana sandar raga yin ganye ba.

Malam Tasi'u yana zaune a kan buzunsa a bakin gamba, ya riga ya ɗaura wa jaki mangala. Da aka tashi ya kira Abdulkabir.

"An cire ku?"

"A'a, Baba. Mu muka cire su."

Ya ce Allah Ya kyauta, ya je ya kwance jakin.

Da gasar ta tafi yadda ta saba, da an gama ta tun kafin zafi ya yi ƙarfi. Amma aka tsaya saboda azumi, aka tsaya saboda attajirin ya tafi Umara, aka sake tsayawa saboda ya dawo ana zuwa yi masa barka. A tsakanin waɗannan hutu 'Yan Cediya suka sake cire wata ƙungiya. Gonakin maƙwabta duk suka cika da tulin taki layi-layi, ta Malam Tasi'u kuwa fayau, sai sawun ƙafa.

Hure ba ta taɓa zuwa kallo ba, amma gonar na bayan katangarta, kuma daga ihun jama'a tana gane wanda ya ci da wanda ya ɓarar. Ita ce kuma ke leƙa rumbu. Bara damina ba ta yi kyau ba, hannunta ya fara taɓa ƙasan rumbun. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai riƙa ajiye masa tuwo tana ba shi labarin wanda ya gama kai taki, da wanda ya fara sharar gona, har da wani tsohon da ake cewa ba ya iya tashi, shi ma ya gama.

Malam Tasi'u ya juya maganar da ya yi wa ɗansa, ya duba ta ciki da waje. Ya ce a buga, amma bai ce ba zai kai taki ba. Washegari Abdulkabir ya zo atisaye ya tarar da filinsa cike da tulin taki, an jera su tsaf daga wannan raga zuwa waccan, ɗaya ma daidai inda ake ɗora ƙwallo a fara wasa. Ya tsaya da usur a baki ya kasa busawa. Malam Tasi'u ya wuce shi da jaki ya yi masa barka da hantsi. A ransa yana ganin ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: gona ta sami taki, samarin kuma ba za su iya wasa a haka ba, za a cire su cikin mutunci.

Abin da bai lissafa ba shi ne, 'yan Gidan Tahir a cikin taki suka girma. A ka suke ɗaukarsa, da hannu suke baje shi. Baƙin da suka zo wasa na gaba 'yan cikin gari ne masu farin safa, kowanne na zagaye tuli kamar zai cije shi. 'Yan Cediya kuwa ta kai suke bi, wani lokaci su ɓoye ƙwallo a bayan tuli su tsaya su huta. Gwanin baƙin, wanda aka ce har Kaduna ya taɓa zuwa gwaji, ya nutsa farin takalminsa a tulin tsakiya tun farkon wasa, ya ƙare ranar a bakin gamba yana gogewa. Da yamma aka sake cewa da Malam Tasi'u su suka cire su.

Daga nan ya yanke shawarar taimaka wa baƙi da gaskiya tsagwaronta. Da 'yan wasa na gaba suka sauka daga bas, ya tare su da tulun ruwa mai sanyi, ya ja kyaftin ɗinsu gefe. Ya nuna masa inda ramin gafiya yake, ya gaya masa Zubair ba ya son ƙwallon ƙasa ta hagunsa, ya ce kada su ɗaga ta sama a ragar gabas. Kyaftin ɗin ya dubi dogon tsohon da ke masa raɗa, ya dubi cediyoyin, ya dubi tulun, ya koma ya gaya wa 'yan uwansa cewa lallai wurin nan akwai asiri, kada kowa ya sha ruwan, kuma duk abin da tsohon ya ce a yi akasinsa. Suka wuni suna ɗaga ƙwallo cikin ganye da ƙishirwa a maƙogwaro, mutum biyu suka faɗa ramin gafiya. Daga ranar mutanen gari suka tabbatar cewa duk dabarun ƙungiyar daga Malam Tasi'u suke fitowa. Suka fara kiransa Shugaba. Liman ma ya riƙe hannunsa bayan Magariba ya ce ashe haka yake da zurfin ciki.

Addu'a ma ta zama masa aiki. Ba zai iya ɗaga hannu ya roƙi a ci ƙungiyar da ɗansa ya kafa ba. Ba zai iya roƙon ruwa ya jinkirta ba, domin duk gari shi ake jira. Sai ya riƙa cewa Allah Ya zaɓa abin da ya fi alheri, amma da wuri.

Aka sa wasan kusa da na ƙarshe ranar wata Juma'a bayan La'asar, da Zakarun Tasha, ƙungiyar wani babban gari da ke bakin kwalta, masu riƙe da kofin, masu bas ɗin kansu. Ranar Alhamis da yamma hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa. Da ya ɗauke Malam Tasi'u ya je gona ya cusa hannu a ƙasa, laima ta wuce wuyan hannunsa. Ruwan shuka ne, babu tantama. Ƙasar yankin jigawa ce, ba ta riƙe laima, wanda bai shuka gobe ba sai ya jira ruwa na gaba, kuma babu wanda ya san ranarsa. Irin geronsa kuwa yana cikin wani gora a ɗakin Hure, iri ne da ya gada daga mahaifinsa, yana zaɓen zangarniya mafi kyau kowace kaka. Saboda rashin kyan bara, abin da ke cikin goran shuka ɗaya zai yi.

Bayan sallar Asuba Abdulkabir ya same shi a zaure. Ya ce ya roƙi kwamiti a ɗaga wasan, sun ce an riga an ɗauko hayar rumfuna. Don haka samarin sun haɗu sun yarda za su janye.

"Mun yafe, Baba. Ka shuka gonarka."

"Kai na yi wa alkawarin?"

"A'a, Baba."

"To, wanda na yi wa bai ce ya yafe ba." Ya miƙe ya ɗauki sungumi. "Na ce a buga, ban ce ba zan yi shuka ba. Safe tawa, yamma taku."

Hure ta ji komai daga cikin gida. Ta fito da goran ta tsaya riƙe da shi. Ta ce masa irin nan shi ke nan fa, Malam, in ƙafafu suka tone shi babu wani. Ya ce ya sani. Ta ƙara tsayawa kaɗan, sannan ta miƙa masa goran, ta koma ta ɗauko safar hannun ta ɗora a kai.

Da hantsi samarin suka gama gonakin iyayensu, suka zo ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kira su ba. Aka baje takin. Malam Tasi'u ya shiga gaba yana sara da sungumi, su suna biye, kowa na jefa iri yana rufewa da diddige. Kafin a kira sallar Juma'a an shuke filin wasa daga cediya har darbejiya, kuma goran ya koma gida babu komai a cikinsa.

Da La'asar rumfuna suka tashi, Zakarun Tasha suka iso da kiɗa. Jama'a suka cika, amma kowa ya tsaya a bayan gamba, domin ba a taka shuka. Rafalin malamin firamare ne da ya baro tasa gonar, shi ma ya ce daga gefe zai yi alƙalanci.

Ana busa usur matsalar ta bayyana. 'Yan Cediya da hannunsu suka zuba irin nan ɗazu, kuma tun suna rarrafe ake dukansu a kan taka shuka. Ƙafafunsu suka ƙi. Kowa ya zaɓi tsakanin layi biyu yana gudu a miƙe kamar an ja masa igiya, in ya zama dole ya tsallaka sai ya ɗaga ƙafa kamar mai ƙetare rafi. Abdulkabir ya yi ta kiran su shiga tsakiya, babu wanda ya shiga. Suka taru gaba ɗaya a bakin ragarsu, duk ƙwallon da ta zo su maka ta sama ta tsallake gonar ta faɗa can ɗaya ƙarshen, inda Abdulganiyu, ɗan gabansu, ke tsaye shi kaɗai. Zakarun suka fara da dariya, suka koma tsaki. Sun zo da dabarun tsakiyar fili, sai ga shi babu kowa a tsakiyar da za a yi wa dabara. Golansu ma ya gaji da mirgino ƙwallo tana maƙalewa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya koma maka ta sama. Aka wuni ƙwallo na yawo a iska, ana turmutsutsu a bakin raga.

Malam Tasi'u yana kan buzunsa. Bai ga wasa ba, ƙafafu yake kallo. Duk takalmin da ya nutse a ƙasa sai ya ji shi a cikinsa.

Aka juya, 'Yan Cediya suka koma ragar gabas, cediya ta tare abin da za ta tare, Zubair ya tare sauran. Lokaci ya kusa cika babu ci. Sai Zubair ya sake maka wata doguwa. Abdulganiyu ya bi ta, babban ɗan bayan Zakarun ya bi shi, wani ƙato mai suna Kassimu, wanda ke lodin kaya a tasha amma a wani ƙauyen Bagwai aka haife shi. Kassimu ya kwanta ya share ƙwallon daga ƙafar Abdulganiyu, sharewa mai kyau wadda babu laifi a cikinta, ya miƙe ƙwallon na gabansa. Abin da ya rage masa kawai ya buga ta waje. Sai ya waiwaya ya ga abin da ya yi. Takalminsa ya tsaga ƙasa doguwar tsaga, ga ƙwayoyin gero a fili, ƙanana, suna kallon sama.

Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya sa gefen ƙafa ya mayar da su rami, ya danne da diddige, ya matsa rami na gaba ya yi haka, kansa a sunkuye. Abdulganiyu ya tashi ya karkaɗe wando, ya ga ƙwallo a ajiye babu mai ita. Waɗanda ke kusa sun ce har sannu da aiki ya yi masa kafin ya ɗauke ta. Golan Zakarun na nan tsaye yana kallon Kassimu lokacin da ƙwallon ta wuce shi.

Kocin Zakarun ya kai bakin gamba, ya ɗaga ƙafa zai shiga, shi ma ya fasa.

"Kassimu, me kake yi? Noma muka zo?"

"Hatsi ne fa, Koci," in ji Kassimu, yana rufe ramin ƙarshe.

A nan ne aka ga abin da ba a taɓa gani ba, Malam Tasi'u ya miƙe tsaye yana tafi. Gari ya ɗauka murnar cin yake yi, aka yi ta nuna shi ana cewa Shugaba ya ji daɗi. Shi kuwa Kassimu yake tafa wa. Bai ma san an ci ba sai da Abdulkabir ya zo ya durƙusa ya gaya masa, ya ƙara da cewa wasan ƙarshe a cikin gari za a buga, gona ta huta.

Kwanakin da suka biyo baya kullum da sassafe yana gona. Gonakin maƙwabta suka fara tsiro, tasa shiru. Sai wata safiya ya tarar tsakiyar gonar ta yi kore shar, layi-layi, ko rami ɗaya bai faɗi ba, domin babu ƙafar da ta taka wurin. Gefe da gefe ma ya fito, har doguwar tsagar Kassimu ta tsiro a jere. Bakin ragogin nan biyu ne kaɗai suka zama tsandauri. Duk wanda bai je kallo ba, in ya tsaya a bakin gonar zai iya faɗin yadda wasan ya gudana.

Da yamma Hure ta yafa mayafi ta fito ta gani da idonta. Suka bi gamba har ƙarshen gabas. A ƙarƙashin cediyoyin akwai wani wuri da ƙasa ta lotsa kaɗan, ta yi santsi saboda shekarun tsayuwa.

"Nan yake tsayawa?" in ji ta.

"Nan."

Ya ce bakin ragar yamma zai sa wake, nan kuma yana tunanin gyaɗa. Ta ce a sa waken, amma nan a bar shi, ai inuwa ba ta barin komai ya yi. Ya ce haka ne, inuwa ce.

Wasan ƙarshe sai da aka ɗaga shi har lokacin noman firi, wato noman farko bayan shuka. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ƙwallo na tafiya daidai inda aka buga ta, abin da ya ruɗa 'Yan Cediya matuƙa. Zubair ya yi ta ɗaga kai yana neman ganye. An ci su har mai rubuta sakamako a allo ya nemi ƙarin alli. Suka dawo da yamma a bas, suka tarar da Malam Tasi'u a gona da hauya, suka jeru a bakin gamba.

"An cire ku?"

"An cire mu, Baba."

Tun farkon rani yake jiran wannan amsa, amma da ta zo sai ya tsuke fuska. Ya tambayi wane ne rafalin, ɗan wane gari ne, kuma an tabbata ba dangin waɗancan ba ne. Ya ce shi tun farko bai yarda da filin da babu kunya ko ɗaya a cikinsa ba. Sannan ya tuna, ya ce to su cire masa ƙafafunsu daga gona, sai dai wanda ya zo da hauya. Washegari duk suka zo da hauya.

Geron ya yi. Rumbun bai tumbatsa ba, amma ya kai wuya, kuma Malam Tasi'u ya zaɓi zangarniyoyin iri ya cika goran Hure har ya nemi wani. Dami ɗaya ya ware ya ɗora wa jaki, ya taka da ƙafa har tashar da Kassimu ke lodi, ya sauke masa a gaban jama'a, ya ce ladan shuka ne. Ya kuma tambaye shi ko yana da niyyar aure, domin akwai 'yan mata a Gidan Tahir, kuma ya ji an ce ƙungiyar na neman ɗan baya.